Yadda Tsohuwar Ikkilisiya Za Ta Kafa Sabuwa, Ta Kuma Yaye Ta

Duk wata majami'a da ka gani a Arewa mai rufin kwano da benci a jere, 'yar wata ce. Wasu ne suka rabu da ma'aikacinsu, suka tara hatsi da kuɗi, suka sallame shi ya je ya fara. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), wadda yau ta cika Adamawa da Borno, a gindin tsamiya aka yi mata sujadar farko a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923. Ɗarikar ECWA ma ta fito ne daga aikin da ƙungiyar mishan ta SIM ta soma da tasha guda a Pategi a 1902, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1954.

Haihuwar ba ita ce ke ba mu wuya ba. Yayen ne. Na ga ɗakunan addu'a da suka shekara goma sha biyar suna jiran uwa ta aiko da kuɗin alli da na man janareta, na kuma ga waɗanda uwar ta watsar tun ba su iya zama ba. Saboda haka wannan jagora ta ginu a kan magana ɗaya: a sa ranar yaye tun ranar da aka yanke shawarar haihuwa.

Mataki na farko: majalisa ta zauna, ta faɗa wa kanta gaskiya

Kafin a nemi fili ko a buga ambulan taimako, dattawa su zauna da fasto su amsa tambaya guda: me ya sa muke so mu buɗe wani wuri? Akwai amsoshi masu kyau. Membobinmu na ƙetaren rafi ba sa iya zuwa da damina. Gari ya faɗaɗa, sabuwar unguwa ta cika, mai iyali shida ba zai iya biyan kuɗin keke kowace Lahadi ba. Akwai ƙauyuka a gefenmu da ba a taɓa yin sujada a cikinsu ba. Akwai kuma amsar da ba a faɗa a fili: wasu dattawa biyu ba sa ga maciji, ana so a raba su, ko kuma ana neman inda za a jefa wani ma'aikaci da ya ishi kowa. Reshen da aka dasa da rigima, da rigimar yake girma. A sasanta tukuna.

Ayyukan Manzanni sura 13 ita ce abin koyi. Ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, ta sallame su. A lura da su wane ne ta bayar: biyu daga cikin malamanta biyar, kuma ba na baya ba.

Idan an amince, a kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar ko bakwai. Lalle a sa ma'aji, da wani daga matasa, da uwar zumuntar mata ko wadda ta wakilta. Wanda ya san ikkilisiyoyin Arewa ya san matan zumunta su ne ke riƙe da ziyara da tukunya da asusu, kuma duk shirin da aka yi ba da su ba a takarda yake ƙarewa. A rubuta shawarar a littafin majalisa, a kai ta gaba yadda tsarin ɗarikarku ya tanada. A ECWA da EYN ana bi ta LCC (ƙaramar majalisa) zuwa DCC (majalisar gunduma), a COCIN akwai RCC (majalisar yanki), a Anglikan sai da sanin bishop. Kada shugabannin gunduma su ji labarin a bakin 'yan kasuwa.

Mataki na biyu: a je a gani

Gani ya kori ji. Mutum uku su je wurin, ba sau ɗaya ba. Su je ranar kasuwa, su je ranar Lahadi da safe, su kwana aƙalla sau ɗaya, su kuma koma cikin watan Agusta su ga ko babur na iya shiga. Su dawo da amsar waɗannan: Kiristoci nawa ne a wurin, kuma ina suke sujada yanzu? Da wane harshe mata ke hira a bakin rijiya? Mutane mazauna ne ko 'yan ci-rani da za su watse da faɗuwar ruwan farko? Akwai makaranta, akwai ɗakin shan magani? Wa ke da faɗa a ji?

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu da yawa daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa Gombe, har muka saba ɗauka cewa kowa na ji. Amma akwai ƙauyen da tsofaffin mata ke gyaɗa kai kawai, akwai kuma unguwar birni da yara suka fi sakewa da Turanci. A yanke wannan tun da wuri, don shi zai nuna wanda za a aika.

In kun tarar da wata ikkilisiya tana aiki a wurin, ku je ku gai da fastonta ku gaya masa nufinku. Idan ƙauyen gida arba'in ne kuma 'yan'uwa na HEKAN ko Baftis sun riga sun kafu, raba su biyu ba bishara ba ce. Ku ƙara gaba, ko ku tambaye su abin da za ku taimaka da shi.

Sai gaisuwar masu gari. A je wurin mai unguwa ko dagaci da rana tsaka, tare da ɗan gari da aka sani da mutunci, a faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku. Da ɗan gari akan ci gari. Kada a ce makaranta za a buɗe alhali majami'a ake nufi. Ranar da aka gane, amana ta tafi, kuma Kiristocin wurin ne za su zauna da abin bayan ku kun hau mota kun koma. A yawancin garuruwanmu maƙwabtan sabuwar ikkilisiya Musulmi ne, tare ake cin kasuwa, tare ake zuwa jana'iza. Wanda ya shigo da ladabi, ya san lokutan sallar mutane, bai juya lasifika ta fuskanci gidan kowa ba, ya rage wa kansa rabin wahala. Inda kuma ake fama da 'yan bindiga, shawarar mazauna wurin ita ce gaba da ta kwamiti: in sun ce kada a yi taron dare, kada a yi.

Mataki na uku: wa za a aika

A nan aikin yake tashi ko ya kwanta, don haka zan daɗe a kai.

Jarabar da ke samun kowace uwar ikkilisiya ita ce ta riƙe gwanayenta ta aika wanda ba za a yi kewarsa ba. Manomi ya san ba a ajiye lalatacciyar zangarniya don iri. Ma'aunin da nake ba kwamiti shi ne: idan aka ambaci sunan mutumin a majalisa ba wanda ya ce "kai, to mu fa?", ba shi ba ne. A duba halin da 1 Timoti sura 3 ta lissafta kafin a duba takardar makaranta. Mai haƙuri da mutane, mai cin abin da aka ba shi, wanda ba ya jin kunyar riƙe fartanya. In yana da sana'ar hannu, ɗinki ko gyaran babur ko aikin asibiti, ya fi. Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti. Sana'a na sa mutum ya zama ɗan gari da wuri, tana kuma rufa masa asiri ranar da albashi ya makara.

A tambayi matarsa, ita kaɗai, ba a gaban mijin ba. Mata biyu daga zumunta su je su zauna da ita. Ita ce za ta bar 'yan'uwanta da famfo da makarantar yara, ita ce kuma matan ƙauyen za su fara leƙowa su gani kafin mazansu su taka ƙofar. In ba ta yarda da zuciya ɗaya ba, a dakata.

Kada a aika shi shi kaɗai. Ubangiji ma biyu-biyu ya aiki almajiransa. Idan reshe ne a cikin gari, a nemi gidaje biyar zuwa goma da ke zaune kusa da wurin, a roƙe su su koma can gaba ɗaya na aƙalla shekara biyu, da baikonsu da zakkarsu. A samu mai iya jan waƙa, da mai koyar da makarantar Lahadi, da dattijo guda mai sanyin rai. A kira su gaban jama'a ranar Lahadi, a yi musu addu'a, a sallame su da farin ciki, don kada gobe a riƙa yi musu kallon waɗanda suka gudu. Idan kuwa wuri ne mai nisa, a haɗa kai da hukumar bishara ta ɗarika. ECWA tana da EMS, wadda aka kafa tun 1948 kuma Rabaran Panya Baba ya jagorance ta daga 1970 zuwa 1988. Tsarinta shi ne ikkilisiya ko zumunta ko mutum guda ya ɗauki nauyin ma'aikaci da iyalinsa, hukumar kuma ta lura da aikin. Ba sai kun ƙirƙiro komai daga farko ba.

Na taɓa kai ziyara wurin wani mai bishara da muka aika, bayan wata bakwai ba wanda ya leƙa shi. Na tarar da shi a kan tabarma yana gyaran fitila, matarsa na dama kunun tsamiya ba sukari. Ya tashi da murna ya karɓe ni. Da muka zauna na ce, "Malam, yaya aikin?" Ya ce, "Baba, aiki sai godiya. Mutum goma sha ɗaya ke zuwa yanzu." Sai matar ta ce daga bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba, "Baba, ku tambaye shi yaushe rabonsa da albashi." Wata huɗu. Mu kuwa a wannan lokacin muna ta gardamar launin tayil ɗin da za a shimfiɗa a gaban bagade. Tun daga ranar na daina yarda a aika kowa sai an rubuta abu huɗu: nawa ne albashinsa kuma ran nawa ga wata, ina zai kwana, wa zai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, wa zai ɗauki nauyi in ciwo ya zo. A ware kuɗin wata shida a ajiye kafin ya ɗaura kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na huɗu: a fara da abin da ke akwai

Zaure, ko ajin makaranta da aka nemi izini, ko rumfar kara, ko inuwar itace. Abin da uwa za ta bayar a farko kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki guda goma ko ashirin, littattafan waƙoƙi, benci kaɗan, ganga, rajistar suna, littafin shigar kuɗi da fitarsu, da keke ko babur. Watannin farko na ziyara ne gida-gida, da gai da marasa lafiya, da addu'ar safe, da ajin karatu. Iyayenmu da ajin koyon karatu suka buɗe yawancin tashoshinsu, har yau kuma akwai ƙauyen da babbar kyautar da za ka kai ita ce allo da alli. 'Yan ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai na iya zuwa su yi kwana biyu suna wa'azi, amma taron kwana biyu ba ya kafa ikkilisiya. Wanda ya zauna bayan an kwashe lasifika shi ne ke kafa ta.

Kada a yi gaggawar gini. Ginin da baƙi suka zo suka yi, na baƙi ne har abada: in kwano ya yaye, sai a aiko muku da saƙo cewa majami'arku ta lalace. Ku bari su buga bulo da hannunsu, su ɗebo yashi da ruwa, su ta da bango, ku kuma ku kawo kwano da katako da ƙusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar ta mai ɗaki ce.

Fili dai a nema da wuri, tun kafin ya yi tsada, kuma a yi takarda. Ko kyauta ce wani dattijo ya bayar, a rubuta, 'ya'yansa su sa hannu, mai unguwa da shaidu su sa hannu, a auna a kafa duwatsun iyaka. Yau mai kyautar na da rai, gobe magada ne. A rubuta da sunan amintattun ɗarika masu rajista, ba da sunan fasto ko wani attajirin memba ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa takardar mallakar filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma na ba da shaidar mallaka ta gargajiya. A wasu jihohin samun takardar ginin majami'a na ɗaukar lokaci mai tsawo, don haka a fara nema da wuri, a nemi shawarar lauyan ɗarika da shugabannin CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na yankin, kada a yi gini a ɓoye a jawo rusau.

Mataki na biyar: kuɗi, da ranar da za su tsaya

Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta Anglikan, CMS, wanda a zamaninsa aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, ya yi ta nanata cewa ikkilisiya ba ta kafu ba sai ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Mu da muka tashi a gandu mun san wannan ba tare da an karanta mana ba. Uba na ba ɗa gayauna tun yana cikin gandu, ya koyi noma nasa, ya san daɗin rumbunsa, kafin ranar da za a ware masa tukunya. Uban da ya hana gayauna ya tara raggaye, wanda kuma ya kori ɗa ba iri ba fartanya ya yi zalunci.

A rubuta yarjejeniya, uwa da 'ya su sa hannu, wakilin gunduma ya shaida. Ga misalin da za a iya gyarawa: shekarar farko da ta biyu uwa ta biya albashin ma'aikaci duka, ta uku ta biya kashi uku cikin huɗu, ta huɗu rabi, ta biyar kashi ɗaya cikin huɗu, daga nan sai taimakon da aka roƙa aka ga ya dace. Reshen birni mai ma'aikatan gwamnati zai iya yi a shekara uku. Ƙauyen da fari ko rikici ya taɓa zai buƙaci ƙari, kuma ba laifi a zauna a sake lissafi, muddin a fili aka yi.

Baikonsu ya zauna a wurinsu tun Lahadin farko, ko naira nawa ne. Mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta wa jama'a duk wata. Kada ma'aikaci ya riƙe jaka, kada matarsa ta riƙe. Uwar da ke kwashe baikon reshe ta kai babban asusu sannan ta riƙa ba su da cokali, ita ce ke koya musu cewa bayarwa ba ta da amfani. A karkara kuma kada a raina baikon da ba na takarda ba: damin dawa, kwanon wake, kaza, yinin gayya a gonar ikkilisiya. Godiyar kaka guda, in an adana hatsin aka sayar da bazara, na iya riƙe mai bishara watanni.

Wannan tsari ba na ƙananan wurare kaɗai ba ne. A 1990, a zamanin Akbishop Joseph Adetiloye, Anglikan ta naɗa bishop takwas na bishara ta tura su Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurdi, Yola, Maiduguri da Bauchi, tsofaffin majami'u masu ƙarfi suka tallafa musu a farkon tafiya. Yau kowanne dayosis ne mai zaman kansa, wasu ma an sake yanka sababbi daga cikinsu.

Mataki na shida: ziyara da renon shugabanni

Zumunci a ƙafa yake. A tsara wanda zai je kowane wata, a rubuta sunaye a manna a allon sanarwa: wannan wata dattawa, na gaba matan zumunta, na gaba mawaƙan ikkilisiya. Fasto ya je aƙalla sau ɗaya a wata uku don baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure, tun da mai bishara ba shi da izinin yin su a yawancin ɗariku. Masu ziyara su tafi da abincinsu. Na sha ganin mota cike da baƙi ta sauka a gidan ma'aikaci, aka yanka kazarsa ta ƙarshe, aka tafi ana yabon karamcinsa.

In kun je, ku zauna a benci ku saurara. Kada ku karɓe wa'azi da waƙa da sanarwa duka, 'yan gida su koma 'yan kallo. In suna waƙa da harshensu da kiɗan gargajiyarsu, ba kuskure ba ne da za a gyara.

Babban aikin ma'aikacin da aka aika shi ne ya samo waɗanda za su gaje shi. Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikkilisiya kafin su koma Antakiya, haka kuma aka umarci Titus ya yi a Karita. Tun shekarar farko a ba 'yan wurin karatun nassi, da jan addu'a, da riƙon rajista. Zuwa shekara ta biyu ko ta uku a zaɓi mutum ɗaya ko biyu, da matansu, uwa ta biya musu makarantar Littafi Mai Tsarki, ko ta Hausa da ke kusa ko manya irin na Kagoro da Gindiri da Bukuru. Wannan kuɗi ya fi na tayil amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: yaye

Kowace ɗarika na da adadin membobi masu baftisma da sharuɗɗan da take nema kafin ta ɗaga ɗakin addu'a ya zama cikakkiyar ikkilisiya. A duba kundin tsarinku, a cika su. Ban da na takarda, ga alamun da nake dubawa. Ma'aikaci ya yi tafiyar wata guda, sujada ba ta tsaya ba. An yi saɓani tsakanin gidaje biyu, dattawan wurin sun kashe wutar ba a kira uwa ba. Sun biya rabonsu na albashi wata goma sha biyu a jere. Sun fara maganar wani ƙauye da ke gaba da su.

Idan waɗannan sun bayyana, kada a ja. Sau da yawa uwar ce ba ta son saki, musamman in reshen ya fara kawo kuɗi, ko in sunansa na ƙara wa rahoton shekara kyau. Wani lokaci kuma 'yar ce ke noƙewa don nonon da daɗi. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun farko ita ce za a ɗauko a karanta.

A sa rana tare da shugabannin gunduma, a gayyaci mai unguwa da maƙwabta, a dafa abinci. A gaban jama'a uwa ta miƙa takardun fili na asali, da rajistar baftisma da ta aure, da littafin kuɗi, da jerin kayan da aka saya, ta kuma cire hannunta daga asusun banki a cikin makon. Gidajen da aka aro, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya: mai son komawa ya koma ba tare da an yi masa gori ba, mai son zama a rubuta masa takardar canjin memba a ranar. Babur ɗin da aka saya wa mai bishara ya zauna a can, da takardunsa.